Mai Zanen Ya Tafi, Wanda Aka Zana Ma Ya Tafi

A Zongon Kwatano, in aka idar da la'asar aka zauna gindin babban masallaci, hira ba ta wuce kaya da sefa da labarin gida. Rannan wani yaro ya miƙo mini waya, ya ce, "Baba, dubi wannan." Zanen shugaban mahayan Sarkin Maraɗi Musa ne, ido ƙur, kamar zai yi magana.

Wanda ya zana shi Alekzanda Yakoflef ne, haifaffen San Fitasbag ta Rasha a 1887. Shekara takwas ya yi, daga 1905 zuwa 1913, yana koyo a babbar makarantar zane ta garinsu a hannun malaminsa Kardofski, har hannunsa ya faɗa: da jan alli da gawayi yake fito da mutum sak. Daga baya ya zauna a Faris. A 1924 kamfanin Citroën ya tura ayarin motoci takwas daga Aljeriya, suka keta Sahara, suka bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram, sai Madagaska a 1925. Tafiyar tallar mota ce da nuna ƙarfin Faransa, kada mu ruɗi kanmu. Amma Yakoflef, da ke cikin ayarin, yakan zauna gaban mutum ya dube shi da kyau. A 1927 aka buga hamsin daga zanensa a littafi guda.

To, ina suke? Haardt, jagoran ayarin, ya mutu a Hong Kong a 1932. Citroën mai kamfanin ya karye, kamfanin ya fita hannunsa, ya mutu a 1935. Shi kuwa mai zanen, ciwon daji ya ɗauke shi a Faris a 1938, yana da shekara 50, hannunsa bai ko fara rawa ba. Mahayin da sarkinsa tuni ƙasa ta rufe musu ido. Takarda ce ta rage, ita ma asu na jiranta.

Fatake ne suka raɗa wa unguwar nan tamu ta Zongo suna. Zango wurin sauke kaya ne, a kwana, da asuba a ɗaura. Mu muka gina benaye muka manta ma'anar sunan.

Ɗan'uwa, in akwai bashin da kake riƙe, ko zumuncin da ka yanke da mutanen gida, waya tana aljihunka. Kira su kafin magariba.