Gammon Tanderu

Wani shirin rediyo da na yi kan masu sana'ar hannu a nan Kumasi ya kai ni wurin wani maginin tukwane mai gashi da tanderun zamani. Na same shi da buroshi, yana shafa wani farin kwaɓi a kan sababbin allunan da ake jera kaya a kansu cikin tanderu. Na ce, "Malam, sabon abu kuma me ya kai shi gyara?"

Ya yi mini bayani. Ruwan ƙyallin da ake shafa wa kwanuka yana narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 1,200, ya zama gilashi. In ya ɗiga a kan allo tsirara, sai ya kama shi kam. Ranar rabuwa ko gindin kwanon ya ɓalle, ko allon ya guntule. Shi ya sa ake dama farar ƙasa da garin alumina, a shafa siriri sau biyu ko uku a fuskar sama kaɗai, ana bari ya bushe tsakanin shafi da shafi. Idan ɗigo ya sauka, shafin ne ke ɓarewa, a ɗauke kwano lafiya.

A hanyar komawa na ratsa kasuwar Race Course, inda aka mayar da 'yan kasuwa da dama lokacin da aka soma sake gina Kejetia a 2015. 'Yan mata masu dako suna ta wucewa, kowacce da gammonta. Ba wanda ya taɓa cewa mai gammo ba ta son kayan da ta ɗauka. To me ya sa mu, in mutum ya sa sharaɗi tsakaninsa da wanda yake taimako, sai mu kira shi marowaci?

Ni kaina na faɗa wannan rami. Shekarar da na fara karɓar albashi, wani aminina ya nemi rancen jari. Na ji kunyar cewa mu rubuta, na ji kunyar tambayar ranar biya. A raina bashi ne, a ransa ya zama kyauta. Da buƙata ta taso na yi magana, zumuncin ya tsage. Yau gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu daga nesa.

Na san abin da za a ce: zumuncin Zango ba na takarda ba ne, kuma wanda ya fara da sharaɗi ya nuna rashin yarda. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Maginin ma ya ce shafi in ya yi kauri yakan tsattsage, ya ɓata kayan da aka so karewa. Sharaɗi in ya yi yawa, wulaƙanci ne. Amma maganin kauri shi ne a sirance, a bar shafin a wurinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take, kuma muminai aka yi wa umarnin.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne lokacin shafin: tun allo yana sabo, kafin ya ga wuta. Magana mai nauyi sauƙin faɗi gare ta ranar da ake dariya. Ni na jira sai da abu ya narke.