Tawakkali da Riƙo da Sababi a Tsakiyar Tekun Fasifik

Tsakanin tsibiran Galafagos na ƙasar Ekwado da tsibiran Markesas da ke ƙarƙashin Faransa akwai ruwa mai tsawon kimanin mil 3,000 na teku, wato wajen kilomita 5,500, kuma babu tudu ko ɗaya a tsakani da jirgi zai raɓa ya huta. Kowace shekara, galibi daga Maris zuwa Mayu, ƙananan jiragen shaƙatawa masu tafiya da filafili, wato ƙyallen da ake ɗaure wa jigon jirgi domin iska ta tura shi, sukan ratsa wannan hanya ɗauke da mutane kaɗan, sau da yawa miji da mata ne kawai da 'ya'yansu. Jirgi mai tsawon mita 12 yakan ci mil 120 zuwa 150 a yini da dare idan iskar kudu maso gabas ta tsaya masa, saboda haka tafiyar kan ɗauki mako uku zuwa huɗu, kuma a tsakiyarta babu likita, babu makaniki, babu jirgin sama mai saukar ungulu da zai iya isowa. Tambayar da wannan rayuwa ke jefa wa mai nazarin addini ita ce ko wanda ya kai kansa da iyalinsa irin wannan wuri da zaɓinsa yana nuna tawakkali ne, wato dogaron zuciya ga Allah, ko kuwa ya faɗa cikin abin da aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana, na mutum ya jefa kansa cikin halaka da hannunsa.

Musulmin farko ba su ɗauki teku da wasa ba. Sayyidina Umar ya hana Mu'awiya kai mayaƙa ta ruwa saboda tsoron abin da zai same su, sai a zamanin Sayyidina Usman aka ba da izini, bisa sharaɗin ba za a tilasta wa kowa ba, aka je Ƙubrus a shekara ta 28 bayan Hijira. Da fikihu ya nuna, malamai suka tsayar da ma'auni guda, shi ne rinjayen tsira. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda makarantun zaure suka san shi sarai, an daidaita hanyar teku da ta tudu wajen wajabcin aikin Hajji, sai dai idan halaka ce ta fi rinjaye a cikinta, ko kuma jiri da amai na hawan ruwa za su sa mutum ya tozarta wani rukuni na salla. Hukunci ke nan bai rataya ga tekun kansa ba, ya rataya ne ga halin da yake ciki da halin mai hawansa. Matuƙan yau, waɗanda mafi yawansu ba su taɓa jin sunan Khalil ba, suna aiki da wannan ma'auni ba tare da sun sani ba, domin sun san cewa daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin mahaukaciyar guguwa ne a kudancin Fasifik, shi ya sa suke tsara tafiyarsu ta yadda za su gama zagayen tsibirai su fake a Niyu Zilan ko Ostareliya kafin lokacin ya kama, kamar yadda madugun ayarin gishiri ba ya nufar Bilma daga Agadas da tsakiyar bazara.

Akwai sauran magana kan niyya, domin Khalil ya fitar da mai tafiyar wargi daga cikin waɗanda aka sunnanta wa ƙasaru, wato rage salla mai raka'a huɗu zuwa biyu, kuma masu sharhi sukan ba da misali da mai farautar nishaɗi. Wannan ƙaidi ya taɓa mai jirgin shaƙatawa kai tsaye, ko da yake iyalin da suka sayar da gida suka mayar da jirgi mazauninsu sun fi kama da matuƙin da ke yawo da iyalinsa, wanda Malikawa suka ce yana ƙasaru, Hambalawa suka ce ba ya yi. Abin lura shi ne ko a kan mai wargin, karhancin ƙasaru aka yi magana, ba a haramta masa tafiyar ba.

Inda batun ya fi zurfi shi ne dangantakar tawakkali da sababi, wato hanyar da aka saba samun abu ta cikinta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa sabubba gida uku a cikin littafinsa Ihya'u: na yanke, waɗanda barinsu hauka ne, kamar kai loma baki ga mai jin yunwa, na zato mai ƙarfi, kamar ɗaukar guzuri ga mai ratsa daji, da na wahami, waɗanda zurfafa dabara a cikinsu kan fitar da zuciya daga dogaro. Ƙaramin jirgi a tsakiyar teku yana baje waɗannan kashi uku a fili fiye da kowace rayuwa ta tudu. Ruwan sha da ake aunawa da lita, da na'urar tace ruwan gishiri, da igiyar da mai gadi ke ɗaure kansa da ita da dare, duk na kashin farko ne, domin wanda ya faɗa ruwa cikin duhu alhali abokin tafiyarsa na barci da wuya a sake ganinsa. Kwalekwalen roba na ceto da na'urar da ke aika kiran gaggawa ta tauraron ɗan'adam na kashi na biyu ne. Kashi na uku kuwa ya fi ɓuya, kuma shi ne cutar matuƙin wannan zamani, domin hasashen yanayi ba a cika dogara da shi ba idan ya wuce mako guda zuwa kwana goma, alhali tafiyar ta fi kwana ashirin, saboda haka duk mai ɗaga anka daga Galafagos ya tashi ne bai san abin da rabin hanyarsa ya ƙunsa ba. Wanda ya kasa haɗiye wannan gaskiya yakan wuni yana sauko da taswirar iska ta intanet sa'a bayan sa'a, yana neman tabbacin da babu shi.

Tarihin wannan ɓangare na teku ya nuna yadda iyakar sababi ke matsawa. A watan Yuni na 1972 kifayen wel, waɗannan ƙasaitattun dabbobin teku, suka fasa jirgin iyalin Robertson mai suna Lucette a yammacin Galafagos, mutum shida suka yi kwana 38 a kan ruwa kafin masuntan Japan su tsince su. A 1973 irin haka ta sami Maurice da Maralyn Bailey, waɗanda suka yi kwana 117 suna cin ɗanyen kifi da kunkurun teku, har jirgin masuntan Koriya ya gan su. A watan Maris na 2023 wel ya nutsar da jirgin Raindancer a kan hanyar Markesas, amma da yake mutanensa huɗu na da na'urar saƙon tauraron ɗan'adam, wani jirgin shaƙatawa ya kwashe su cikin kimanin awa goma. Mai gaggawar hukunci zai ce fasaha ta rage wa tawakkali fili, sai dai wannan kuskuren fahimta ne, domin yana ɗaukar sababi da dogaro kamar masu rabon gado, abin da ɗaya ya samu ya fita daga hannun ɗayan. Sababi aikin gaɓoɓi ne, tawakkali kuwa halin zuciya ne, kuma abin da shekaru hamsin suka canza shi ne yawan abin da ya wajaba a tanada, ta yadda barin na'urar da babu ita a 1972 ya zama sakaci a yau. Dabbar da ta daki jirgin kuwa babu na'urar da ta hango ta.

Alƙur'ani ya ambaci mutanen jirgi a surori da dama, daga ciki har da Yunus da Isra'i da Ankabut da Luƙman, kuma a kowanne zargin ya faɗa ne kan mantuwar da ke biyo bayan tsira, ba kan addu'ar da aka yi cikin igiyar ruwa ba. Wannan ya nuna cewa guguwa ba ta isa ma'aunin imani ba, domin kowa na kiran Allah a cikinta. Ma'aunin yana cikin kwanakin lafiya, waɗanda su ne mafi yawa a wannan hanya, inda aiki bai wuce duba igiyoyin da gogayya ke ci, da share kifaye masu tashi da suka faɗo cikin jirgi da dare, da karɓa-karɓar gadi na awa uku ko huɗu ba. A nan tawakkali ke da alama ta zahiri, ita ce barci, domin wanda ya miƙa gadi ga abokinsa ya kasa runtsawa saboda fargaba zai tashi da gajiyar da ke sa a yi kuskure, ya zama shi ne haɗarin da yake tsoro.

Ana iya cewa matuƙan da ba su da addini su ma suna barci, kuma haka ne. Masanin falsafar nan na Girka, Ifiktitus, ya kawo misalin tafiyar teku kusan shekara dubu biyu da suka wuce, inda ya nuna cewa na matafiyi shi ne zaɓen matuƙi da ranar tashi, abin da ya biyo baya ba nasa ba ne. A zahiri natsuwar biyu sun yi kama, amma ta Ifiktitus sallamawa ce ga tsarin da mutum ya haƙura da shi, ta mumini kuwa tana tare da roƙo, domin yana ganin Mai tsarin yana ji kuma yana amsawa, shi ya sa bai daina addu'a ba bayan ya gama shiri.

Bisa ma'aunin da malaman Malikiyya suka tsayar, ratsa wannan teku a lokacinsa, da jirgi lafiyayye da guzuri isasshe da kayan ceto, ga wanda zai iya tsayar da sallarsa yana juyawa ga alƙibla gwargwadon iko, halal ne. Wanda ya tashi a lokacin guguwa, ko ya bar kayan ceton da yake da halin saya, ya yi ganganci ko da ya isa lafiya, kuma alhakin duk wanda ya ɗauka a jirgin yana wuyansa.