Nawa Ne Kuɗin Fijon Kawu?

A bayan gidan marigayi kawuna, a wani ƙauye tsakanin Bichi da Ɗambatta, akwai wata tsohuwar tsamiya. A gindinta wata Peugeot 504 ta shekara 11 ba ta motsa ba. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji na yin ƙwai a kujerar baya, da kaka kuma a jikinta ake jingine karan dawa. Yaran gidan sun mai da sitiyarin abin wasa, kullum suna kan hanyar Makka. Kawu ya saye ta ne hannu na biyu tun ban zo duniya ba, ya yi haya da ita tsakanin ƙauyukanmu da Kano. Ranar kasuwa sai a ɗura mata mutum takwas da buhunan gero, a ɗaure awaki a but. Ranar da giya ta ƙi shiga, ya sa aka tura ta inuwa, ya ce sai bayan girbi. Girbi goma ya wuce, shi ma ya bi.

Da aka zo rabon gado, gonaki ba su ba da wahala ba, don a wajenmu kowace taƙi an san mai ita, an kuma san abin da take bayarwa. Motar ce ta rage. Wani ɗan gwangwan da ke zagaya ƙauyuka a kan babur ya zo ya ƙwanƙwasa ta, ya taya naira dubu 300. Inna, matar kawu, ta so ta sallama, domin damina ta ƙarato kuma babu taki a gidan. Ana cikin haka na zo hutun Sallah na ji labari.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, amma ina da wata cuta. Nakan raba dare ina kallon yadda Amurkawa ke jawo tsofaffin motocinsu masu ƙaton inji, irin su Ford Mustang da Dodge Charger na shekarun 1960, daga rumfunan ajiyar ciyawa, su kwance su ƙusa-ƙusa, su tashe su. Mu ba mu da irin waɗannan a ƙauye. Tamu ita ce fijo. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, daga baya 504 ta zama motar manyan ma'aikatan gwamnati, ta kuma zama jakar kowa. Turawa sun daɗe da daina yin ta, mu muna yi har wajen 2006.

Na leƙa ƙarƙashinta da fitilar waya. Shasin lafiya lau. A Turai gishirin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara ke cinye ƙarfen irin waɗannan motoci, mu kuwa ƙasarmu busasshiya ce wata bakwai a shekara. Na sa sifana na juya injin da hannu, ya juya. Nan take na san wannan ba gwangwani ba ce. Na kuma san cewa idan na ce dubu 400, Inna za ta sa mini albarka har ta yi hawaye, a ce ɗan nan ya kyauta, ya ƙara dubu ɗari saboda zumunci.

Ban iya barci ba a daren. Ba ƙarya zan yi ba. Ba zan kushe motar ba, ba zan ɓoye wani aibi ba, ba zan matsa wa kowa ba. Zan taya, za a sallama. To ina laifin?

Na fara da kare kaina, kuma har yanzu ina ganin kariyar ba ta banza ba ce. Kasuwa a kan bambancin sani take tsaye. Ɗan kasuwar da ke sayen riɗi a Dawanau ya san farashin da za a ba shi a Legas, ba kuma ya tsayawa ya yi shelarsa ga manomi. Dillalin shanu yana duban haƙorin sa ya ga abin da ni ba zan gani ba, da wannan ganin yake ci da iyalinsa. Sani wahala ake sha kafin a same shi. Idan dole ne duk wanda ya san wani abu ya miƙa shi kyauta a bakin ciniki, wa zai ƙara wahalar da kansa ya koya? Al'adarmu ma ta ba mai kaya garkuwa: kalma ɗaya ce, albarka. Wanda bai gamsu ba ya faɗe ta.

Sai dai albarka makamin wanda ya san kayansa ne. Kazar da ta kwana a kan dami da yunwa ba rowa aka yi mata ba, ba ta san a kan me take kwance ba.

Yawancin abin da aka rubuta kan cinikin tsohuwar mota yana tsoron mai sayarwa ne. George Akerlof, masanin tattalin arzikin Amurka da ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi suna da wata maƙala ta 1970 a kan haka: mai mota ya san cutarta, mai saye bai sani ba, don haka mai saye kan rage tayi, masu motoci nagari su janye, kasuwa ta cika da rubabbu. Mu ma a makarantar zaure abin da muka fi riƙewa shi ne wajibi ne mai kaya ya bayyana aibin kayansa. Amma ni a wannan dare ni ne mai saye, kuma ni ne mai sani. Abin da nake ɓoyewa ba aibi ba ne, alheri ne.

Ashe magabata sun riga ni isa wurin. Annabi (SAW) ya hana a tare ayari a hanya a saye kayansu kafin su shigo kasuwa, ya kuma ba wanda aka yi wa haka zaɓin warware cinikin idan ya iso ya ga farashi. Ka lura, mai tare ayari ba lallai ne ya yi ƙarya ba. Laifinsa shi ne ya tsaya tsakanin mutum da kasuwar da za ta faɗa masa darajar kayansa. Da na dubi wayar da ke hannuna sai na ga ni ma a bakin hanya nake tsaye. Kasuwar tana cikin aljihuna, Inna kuwa ba ta taɓa shigarta ba. Wasu malaman Malikiyya ma sun ce idan giɓin farashi ya kai sulusi, kuma wanda aka ƙwara bai san kasuwa ba, yana da ikon tayar da cinikin. Akwai kuma labarin sahabi Jarir ɗan Abdullahi, wanda yaronsa ya daidaita masa doki a kan dirhami 300. Da ya ga dokin sai ya gaya wa mai shi cewa ya fi haka, ya yi ta ƙarawa da kansa har 800. Da aka tambaye shi dalili, sai ya tuna mubaya'ar da ya yi a kan yi wa kowane Musulmi nasiha.

To, na yarda zan faɗa. Amma me zan faɗa? A nan ne tambayar ta fi wuya, kuma a nan na yi tuntuɓe.

Motar nan farashi uku gare ta, kuma babu na ƙarya a ciki. Ɗan gwangwan bai cuci kowa ba: ƙarfe ya gani, kusan kilo 1,200, ya auna ya taya. Direban haya zai ga mota mai shan mai da ba ta da na'urar sanyi, ya ce ko kyauta ba ya so. Mai sha'awa kuwa ba ƙarfe yake saye ba, ƙuruciyarsa yake saye, ko mahaifinsa, kuma wannan ba ta da mudu. A watan Janairun 2020 an yi gwanjon Mustang ɗin da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968, da tsatsarta da komai, a kan dala miliyan 3.74. Irinta da ba ta fito a fim ba, ko kusa da haka ba ta zuwa. Na buɗe jadawali a kwamfuta, irin halinmu, na jera fenti da tayoyi da giya da kujeru. Lissafin gyara ya fito tsaf. Gurbin da na rubuta wa suna "daraja" ya ƙi cikuwa.

Abin da ya taimake ni kiwo ne, ba kwamfuta ba. Duk matar da ke turke rago a ƙauyenmu ta san ramammen rago ba a yi masa kuɗin ragon Layya, domin tsakaninsu akwai wata shida na dusa da harawa da kowa, ga kasadar ya mutu a hannunka. Amma ba a kuma yi masa kuɗin fata da ƙashi. Ana duban ƙirarsa, a biya kuɗin abin da zai iya zama, a cire wahalar mai kiwo. Ɗan gwangwan kuɗin fata ya taya. Intanet kuɗin ragon Layya take nunawa. Haƙƙin magada yana tsakani: ba su da rabo a gumin da ban riga na zubar ba, amma lafiyayyen shasin nan nasu ne, ba gwanintata ce ta hana shi ruɓewa ba.

Da safe na tara su na ce motar ta fi abin da aka taya, akwai masu neman irinta a Legas da Abuja har da Faransa. Babban ɗan kawu, taubashina, ya zaro tasa wayar. Cikin minti biyar ya ga wata 504 mai ƙyalli da farashinta a kuɗin Turai, ya buga da canji, ya ɗago kai ya ce miliyan biyar, ba ragi. Na ce wannan gyararriya ce, a wata ƙasa, da takardunta. Ya yi dariya ya ce, "Kai da ka zo sayen banza, dole ka ce haka." Cikin wasan taubasantaka ya faɗa, amma kowa ya ji.

Ciniki ya mutu. Ɗan gwangwan ya ji labari bai dawo ba. Motar ta ƙara shan damina guda, ruwa ya samu hanya ta gilashin baya ya ruɓar da daɓen but. Inna ta ci bashin taki, aka biya da gero a farashin kaka, lokacin da ya fi araha. Gaskiyata ta ci mata kuɗi, ni kuwa ba ta ci mini komai ba, na koma birni da zuciya fara. Na daɗe ina juya wannan. Da na yi shiru na ba da dubu 400, da ta samu taki a kan lokaci. Wani zai ce ai ga amsa nan. Ni ban ga haka ba. Kuskurena ba faɗar ba ne, rabin faɗa ne. Na nuna musu ƙololuwar bishiya ban nuna musu tsayinta ba. Ƙari a kan haka, ni ne mai son kayan, kuma bakin mai so ba ya iya zama ma'auni ko da gaskiya yake faɗa.

Bayan girbi na koma, na roƙi limamin garin ya nemo dillalin motoci da ban sani ba. Ni kuma na ɗauko bakanike da mai gyaran bodi daga Ƙofar Ruwa, na biya kuɗin motarsu. A gindin tsamiyar, gaban kowa, bakaniken ya lissafa abin da za ta ci kafin ta hau titi, ya haura miliyan biyu da rabi. Dillalin ya faɗi abin da gyararriya za ta iya yi a Kano idan an yi sa'ar mai so, da watannin da za a iya yi ana jiransa. Taubashina ya yi tambayoyi masu kyau, wasu ma ban yi tunaninsu ba. Aka tsaya a dubu 950.

Inna ta ce, "Ɗan nan, a rage maka hamsin, ai motar kawunka ce." Liman ya ce tana iya yafe tumuninta, amma akwai yara biyu da ba su balaga ba, ba mai ikon yin kyauta da rabonsu. Na biya cif. Sai ta kafa sharaɗin da ba a rubuta ba: ranar da motar ta tashi, in zo in kai ta Kazaure wajen 'yarta, a gidan gaba, inda kawu bai taɓa barin ta zauna ba saboda kujerar mai biyan kuɗi ce.

Wata bakwai ke nan motar na gareji. Da aka buɗe injin an tarar da tsaga a kan silinda, abin da sifanata ba ta gani ba, bakaniken ma bai gani ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ban koma neman ragi ba. Matata ta ce an ƙware ni. Taubashina har gobe yana cewa na cinye su, duk da yanzu shi ke kira yana tambayar wane launi zan fesa. Na ce fari, irin na da. Ya ce ai ba fara ba ce, ruwan madara ce, rana ce ta kore ta. Na tambayi Inna a waya, ta ce shi ke da gaskiya, ta kuma ce kajin har yanzu suna zuwa gindin tsamiyar su tsaya.