Aikin Wane Ne?

A ƙasar Japan, a birnin Edo wanda yau ake kira Tokyo, an yi wani irin hoto da ake bugawa da katako, sunansa surimono. Ba a kai shi kasuwa. Ƙungiyoyin marubuta waƙa ne ke biya a buga musu kaɗan, su rarraba wa abokai, musamman a sabuwar shekara. Sau da yawa abin da ke ciki kayan yau da kullum ne: butar shayi, mafici, kifi a faranti, reshen fure. Kubo Shunman (1757-1820) ya yi suna a wannan aiki, haka ma Hokusai (1760-1849) da almajirinsa Totoya Hokkei, wanda dā mai sayar da kifi ne.

Amma mai zane ba ya gama hoto shi kaɗai. In ya zana a takarda, masassaƙi ya manna ta a kife bisa allon katako, ya bi layukan da wuƙa, ya sassaƙe sauran. Kowane launi da nasa allo. Sa'an nan mai bugu ya shafa launi, ya ɗora takarda, ya murza bayanta. In takarda ta goce ko da ƙwayar gero, hoto ya ɓaci. Duk da haka, galibi sunan mai zane da na masu waƙa ke fitowa. Masassaƙi da mai bugu, shiru.

Ashe wannan adalci ne? Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganarsa tana da gaskiya. Wanda ya sha yabo kan aikin da hannuwa uku suka yi, bai kuwa ambaci biyun ba, ya ci hakkinsu.

Amma hotunan nan suna nan har yau a gidajen tarihi, layukansu tsaf, domin masassaƙin bai sassauta hannu ba don ya san ba za a kira sunansa ba. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa gaɓoɓin jiki da ake gani raunana, su ne ba a iya yi sai da su.

A ikilisiya ma haka yake. Mai wa'azi ya tuna da mai share ɗakin sujada da matan da suka kwana girki, ya gode musu a gaban jama'a. Mai shara kuwa ya share har ƙarƙashin benci, gama Uba yana ganin abin da aka yi a ɓoye.