Shin Ana Satar Labari?

Sau da yawa mukan ji yaro yana ba da labarin yadda kura ta tare shi a hanyar gona, alhali kuwa wansa ne abin ya sama. In an tsare shi sai ya ce, "Me na rage masa?"

To, mu duba. Ɓarawon akuya yakan bar turke wayam, mai ɗaukar labari kuwa ba ya barin gurbi. Duk da haka mun ce sata ce, gama wan ya sayi labarin nan da tsoro da jini, ƙanen ya ci yabo a banza. Ran da mai abu ya buɗe baki a dandali, sai a ce an riga an ji, a mai da shi maƙaryaci.

Malaman hadisi, irin su Imamu Buhari wanda ya rasu a shekarar 870, ba su karɓar magana sai an ce wane ya ji daga wane. Saboda haka, ya ku 'yan makaranta, in za ku ba da labarin wani ku nemi izininsa, ku ce, "Yayana ya gaya mini." Kayan aro ba ya rufe katara.