Inda Rufin Asiri Ya Ƙare

Duk shekara, daga tsakiyar watan Disamba, da kuma gabanin Babbar Sallah, unguwannin da ke kudancin kogin Kaduna kan karɓi 'ya'yansu da neman abinci ya watsa a duniya. Mu ke nan, 'yan Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Television da Nasarawa da Sabon Tasha, masu aiki a Landan, Jidda, Dubai ko wani gari na Amurka. Mukan sauka a Abuja, mu kamo hanyar da ta kusa kilomita 200, mu shigo ta Gonin Gora da akwatuna cike da tsaraba. Wanda ke cikakken aiki a Ingila doka ta ba shi hutun kwana 28 a shekara. In ya yi tattali, sai ya ware mako uku ya zo gida. A cikin makonnin nan za a yi mana tambaya ɗaya fiye da sau ɗari: “Yaya can?” Musulmin cikinmu ya ce “Alhamdu lillahi,” Kirista ya ce “Mun gode Allah,” a wuce wurin. Abin da ya kamata mu tsaya mu duba shi ne ko wannan amsa ta sauke mana nauyi.

A fuska ɗaya ta sauke. Mun tashi a cikin al'ummar da ke girmama rufin asiri, har ya zama addu'ar da ake yi wa wanda ake ƙauna. Mutumin kirki ba ya tallan wahalarsa, kuma an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. 'Yar da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi, tana ɗaga waɗanda suka fi ta nauyi har bayanta ya ƙage, tana da hujja in ta ƙi faɗa wa mahaifiyarta. Tsohuwar ba za ta iya rage mata ko awa ɗaya ba, abin da labarin zai ƙara mata hawan jini ne da rashin barci. Yin shiru a nan jinƙai ne, babu mai hankalin da zai kira shi ƙarya.

Sai dai zuwanmu gida yana magana ko da bakinmu a rufe yake. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Kuɗin da mutum ya shafe wata goma sha ɗaya yana tarawa, yana hana kansa ƙananan abubuwa, in ya canja su a nan sai su zama dami. Ya ɗauki hayar mota, ya yi ɗinki, ya raba atamfa da turare da wayoyi, ya yanka rago, ya fita da abokai a Barnawa ya biya wa kowa. Yaron da ke tsaye a ƙofar gida yana kallo lissafinsa mai sauƙi ne: in haka ake kashewa a mako uku, nawa ake samu a shekara? Bai ga kuɗin hayar ɗaki ɗaya da ke cinye kusan rabin albashi ba. Bai ga harajin da ake cirewa tun kafin kuɗi ya shigo hannu ba, ko kuɗin ɗumama ɗaki a hunturu, ko na sabunta takardar zama, ko bashin tikitin jirgin da za a koma a yi ta biya har damina. Ba mu faɗi ƙarya ko ɗaya ba, amma ya tafi da labarin da ba gaskiya ba ne, kuma daga wurinmu ya ɗauke shi.

Mu 'yan wannan yanki ya kamata mu fi kowa gane wannan, domin unguwanninmu a kan irin wannan labari aka gina su. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, zamanin Sardauna Ahmadu Bello. UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles da Nortex, ga kamfanin ƙera makamai na DICON, ga na haɗa motocin Peugeot da ya fara aiki a 1975, ga matatar mai a 1980. Iyayen da yawa daga cikinmu ba a Kaduna aka haife su ba. Daga ƙauyukan Zazzau da kudancin jihar da Filato da Binuwai suka zo, suka kama ɗaki ɗaya a gidan haya, jiniyar masaƙa ce agogonsu. Su ma sukan koma ƙauye da Sallah ko Kirsimeti, da turmin atamfa da rediyo da sabon keke. Su ma ba su faɗi ƙarar injin da ke toshe kunne ko ƙurar audugar da ke shiga ƙirji ba. Ƙanne suka gani, suka ajiye fartanya suka biyo su. Wasu sun dace. Amma da KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, dubban magidanta suka wayi gari babu albashi, babu kuɗin sallama, wasu kuma babu gonar da za su koma, don an sayar tuntuni. Mun ga waɗannan dattawa suna acaba da gadi, wasu sun rasu suna jiran haƙƙinsu. Kaduna ce Turai ɗin wancan zamani.

Yau abin da ake sa wa a caca ya fi gona ɗaya tsada. A watan Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi, sai dillalai suka cika gari. Mutane suka sayar da filaye da motoci, suka ci bashi, suka biya miliyoyin naira a kan takardar ɗaukar aiki, wasu suka isa suka tarar babu aikin. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta soke lasisin ɗaruruwan kamfanonin da ke ɗauko irin waɗannan ma'aikata, daga Maris ɗin 2024 ta hana su tafiya da iyalansu, a Yulin 2025 kuma ta rufe ɗaukar sababbi daga ƙetare. A ƙasashen Larabawa akwai tsarin kafala, inda zaman ma'aikaci ke rataye a hannun wanda ya ɗauko shi, kuma mata da yawa sun tafi aikatau suka tarar an karɓe musu fasfo. Wanda ba shi da kuɗin jirgi ya bi ta Agadas ya shiga hamada. A ƙarshen 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake cinikin baƙin haure a Libiya. Talauci da rashin aiki ne manyan masu tura mutane, wannan babu musu. Amma wanda zai tafi yakan riƙe wani mutum guda a ransa da ya ga ya je ya dawo fes, kuma sau da yawa ɗayanmu ne.

A nan ne, a ganinmu, iyakar take. Rufin asiri halal ne matuƙar asirin namu ne mu kaɗai. Ranar da wani zai ɗora shawara a kan shirunmu, ya sayar da filin gado a Unguwar Romi, ko ya ajiye aikin koyarwa, ko ya bar mata da 'ya'ya, to abin da muka ɓoye ya daina zama sirrinmu, ya koma haƙƙinsa. Dillalin da ya ɓoye aibin akuya bai furta ƙarya ba, amma duk kasuwa ta san sunan abin da ya yi. Saboda haka amsar “Yaya can?” ba iri ɗaya ba ce ga kowa. Maƙwabcin da ya tambaya a matsayin gaisuwa, godiyar Allah ta wadatar masa. Inna tana da haƙƙin a tausasa mata. Amma ƙanen da ya ja mu gefe ya ce, “Yaya, don Allah ka nema mini hanya,” wannan ba gaisuwa yake yi ba, shaida yake nema.

Za a ce, ai ko an faɗa ba sa yarda. Gaskiya ne. Duk wanda ya taɓa cewa “can ma da wuya” ya san amsar da ke biyowa: “To me ya hana ki dawowa, Anti?” Wasu ma su ce mun hau mun ture tsani, ko baƙin ciki muke yi. Kuma suna da hujja, domin baki yana cewa wuya, agogon hannu da motar haya suna cewa daɗi, ido kuwa ya fi kunne saurin gaskatawa. Maganin wannan shi ne a bar jimlar “da wuya” a koma lissafi. A buɗe waya a nuna takardar albashi: ga abin da ya shigo, ga haraji, ga haya, ga kuɗin mota, ga abin da ya rage. A faɗi awa nawa ake tsayuwa, da irin aikin da ake yi da hannu, da shekarun da aka yi kafin digirin da aka tafi da shi ya yi amfani, in ma ya yi. A faɗi wace hanya ce ta doka, wace ce ta 'yan damfara. Bayan haka in ya ce zai tafi, ya tafi da idonsa a buɗe, mu taimaka da abin da za mu iya. Ba aikinmu ba ne mu zaɓa wa baligi rayuwarsa. Aikinmu kada ya zaɓa a cikin duhun da mu muka jawo.

Akwai kuma ƙarya ta ɗaya ɓangaren, wadda ita ma take sanye da rigar gaskiya. Ita ce kukan wahala don a toshe bakin mai roƙo. Wani zai shafe hutunsa yana labarin sanyi da haraji, ba don ya faɗakar ba, sai don kada gwaggo ta kawo maganar kuɗin makarantar marayu. Wannan rowa ce. Gaskiyar magana, da yawanmu mun fi samun sauƙi a can: wuta ba ta ɗaukewa, albashi yana zuwa a kan lokaci, yara suna makaranta. Kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa gida ya kai wajen dala biliyan 20 a shekara a ƙididdigar Bankin Duniya, kuma akwai gidaje a Narayi da Sabon Tasha da wannan kuɗi ne ke sa tukunya ta hau wuta. Wanda ya ɓoye samunsa don ya tsere wa haƙƙin dangi, da wanda ya ɓoye rashinsa don a yi masa kallon babba, duk abu ɗaya suka yi: sun hana 'yan'uwansu sanin inda suka tsaya. Tsaraba kuwa ba laifi ba ce. Shiga gidan uwa hannu rabbana bayan shekara uku ba tawali'u ba ne. Abin kiyayewa shi ne tsarabar ta zama daidai da aljihu, ba daidai da sunan ƙasar da aka fito ba.

Kada mu manta mutanen gida su ma suna rufa mana nasu asirin. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, gidaje da yawa sun rage cin abinci, amma ranar da muka iso za a yanka kaza, ko da bashi. Baba zai ce ƙafar ta yi sauƙi, alhali ya daina zuwa asibiti don kuɗin magani. Ƙanwa ba za ta ce ta bar makaranta ba. Su suna tausaya mana, mu muna tausaya musu, sai a yi mako uku ana dariya a rabu ba wanda ya san halin wani. Irin wannan labule ba ya yayewa a ranar farko, kuma ba ya yayewa ga wanda ya sauka a otal yana leƙowa da la'asar. Sai an kwana a gidan, an ga abin da ake karyawa da shi a rana ta biyar bayan kazar ta ƙare, an raka tsoho asibiti an ji bayanin likita da kunne. Kuɗi yanzu ta waya yake tafiya cikin minti ɗaya. Da don shi ne kaɗai, babu dalilin biyan tikiti. An ce zumunci a ƙafa yake, saboda akwai abin da sai an zauna kusa ake faɗa, kuma sai an zauna kusa ake ji.

Daga cikin waɗanda ya kamata ƙafar ta kai mu wurinsu akwai tsofaffin abokan aikin iyayenmu. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 ya raba maƙwabta, Musulmi da yawa suka ƙetare kogi zuwa Tudun Wada da Rigasa, Kiristoci da yawa suka dawo kudu. Waɗannan dattawa sun tsaya a gaban inji ɗaya, kuma sun san yadda wurin samu yake juyewa dare ɗaya. Ba sa bukatar a burge su. Wanda ya ɗauki ƙanensa mai son tafiya, suka haye gada suka gaida ɗaya daga cikinsu, zai ji tambayoyin da suka dace: aikin na dindindin ne? In ya tsaya, me ka ajiye a gida? Wa ka bari a kan tsofaffi?

Saboda haka kafin mu ɗaure akwati a hutu mai zuwa, yana da kyau kowannenmu ya lissafa mutanen da za su yanke wata shawara saboda abin da za su gani a jikinsa. Ba su da yawa, wataƙila biyu ne ko uku. A ware wa kowannensu yammaci guda, ba a gaban jama'a ba, a faɗa masa samu da rashi yadda suke. Sauran masu tambayar “Yaya can?” a ci gaba da amsa musu da godiyar Allah, domin ita ma gaskiya ce.