Hudubar Juma'a: Maganar da Take Tayar da Mutum

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ba mu harshe, zai kuma tambaye mu abin da muka yi da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ya ku bayin Allah, ina yi wa kaina da ku wasiyya da tsoron Allah.

'Yan'uwa, Imamu Zahabi, wanda ya rasu a Dimashƙa shekara ta 748 bayan Hijira, shi da kansa ya faɗi abin da ya sa masa son Hadisi. Malam Birzali ne ya ga rubutunsa, ya ce masa wannan hannu irin na malaman Hadisi ne. Shi ke nan. Ƙarni bakwai ke nan malamai suna komawa littattafan Zahabi. Sahihul Buhari da muke saurare a majalisun Kano shi ma haka ya faro: Is'haƙu ɗan Rahawaihi ya yi fatan wani cikin ɗalibansa ya tattara ingantattun hadisai a taƙaice, maganar ta zauna a zuciyar ɗalibinsa Buhari.

Ku duba yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya gyara Abdullahi ɗan Umar yana matashi. Ya fara yabonsa da cewa mutumin kirki ne, sannan ya yi fatan da ma yana sallar dare. Daga ranar Abdullahi ba ya barcin dare sai kaɗan.

To mu fa? Yaro ya faɗi jarrabawa, ya shigo gida kansa a sunkuye, uba ya tare shi da "dama na san ba za ka yi albarka ba". Wallahi kalmar nan ta fi bulala ciwo, kuma bakin mahaifi ba abin wasa ba ne. Wanda aka kira ɗan iska safe da yamma, in ya fita ya tarar da masu shaye-shaye suna kiransa babban yaya, wa kuke zaton zai bi? Maigidan gareji, mai shago a kasuwar Tarauni, malamin Islamiyya, yaushe rabon da ka ce wa yaronka "aikin nan ya yi kyau, Allah Ya yi maka albarka"?

Ga Asibitin Malam Aminu Kano nan kusa da mu a Gyadi-Gyadi. Wani zai je dubiya ya zauna bakin gado yana cewa wane ma haka ya fara, bai kwana uku ba. Subhanallah! In ka je, ka riƙe hannun mara lafiyar, ka ce masa da sauƙi in sha Allah, ka yi addu'a, ka tashi kada ka gajiyar da shi.

Ya Allah Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka shirya mana 'ya'yanmu, Ka tsare harsunanmu daga karya zukatan bayinKa. Ina neman gafarar Allah gare ni da ku, ku nemi gafararSa.